Abinci, muƙami da bulala: yadda aka tafiyar da rundunar sojan Amurka ta farko

Idan ana hirar sojan Amurka a yau, hankali yakan tafi kan jiragen yaƙi da makamai masu linzami. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne shekaru ashirin na farkon wannan runduna, lokacin da sojanta ke tafiya cikin ƙanƙara ba takalmi, manyan hafsoshi na ta rigima kan wa ke gaba da wa, majalisar da ta kafa ta kuma ba ta da ikon karɓar harajin ko sisin kwabo. A karatun da na yi wa tarihin, abin da na gani shi ne yawancin wahalar da ta kusa rusa rundunar daga sito da ofishin biyan albashi ta fito, kuma a can aka yi maganinta. Ga bayanin daki-daki.

Yadda aka kafa ta

An fara harbe-harbe tsakanin mazauna Amurka da sojan Ingila ran 19 ga Afrilu, 1775. A lokacin yankuna 13 ne ƙarƙashin Sarkin Ingila, kowanne da dakarunsa na sa-kai. Ran 14 ga Yuni, 1775 wakilan yankunan, waɗanda ke zama a birnin Filadelfiya, suka kafa runduna guda ta tarayya. Washegari suka zaɓi George Washington ya shugabance ta. Ya ce ba ya son albashi, a dai riƙa biyan sa abin da ya kashe. Ran 3 ga Yuli ya karɓi aiki a Cambridge, kusa da Boston.

Abin da ya tarar taron manoma ne da masu sana'a, kowa da tufafin gidansa. A wasu rukunonin, kurata ne da kansu ke zaɓen hafsansu, to ka ga wanda ƙuri'arka ta ɗora ai da wuya ya tsawata maka. A watan Agusta aka ƙirga albarushi, sai aka ga abin da ke ƙasa bai wuce harbi tara ga kowane soja ba. Ga shi kuma yawancinsu wa'adin aikinsu zai ƙare a watan Disamba, kowa ya kama hanyar gida.

Ofisoshin da aka buɗe

Majalisa ta kwaikwayi tsarin sojan Ingila, ta raba aikin. Joseph Trumbull ya zama shugaban sayen abinci da rabonsa. Thomas Mifflin ya zama kwatamasta janar, wato mai kula da kekunan doki, dawaki, ciyawa, tantuna da shimfiɗa sansani. Horatio Gates ya riƙe ofishin rajistar sojoji da fitar da umarnin kullum. William Tudor ya zama babban lauyan kotun soja. Aka ba Dakta Benjamin Church asibitin runduna, amma ba a yi wata uku ba aka kama wata wasiƙarsa ta sirri zuwa ga Ingilishi, aka tsige shi, aka tsare.

A watan Yunin 1776 majalisa ta kafa hukumar yaƙi ƙarƙashin John Adams don ta riƙa duba waɗannan ofisoshi. Sai a 1781 aka ɗora aikin a kan mutum guda, Janar Benjamin Lincoln, a matsayin sakataren yaƙi.

Abinci a takarda, abinci a tukunya

A watan Nuwamban 1775 majalisa ta yanka wa kowane soja rabonsa. Kullum zai sami laba ɗaya ta naman sa, wato kusan rabin kilo, ko ƙasa da haka kaɗan na naman alade, ko laba ɗaya ta kifi mai gishiri. Sai laba ɗaya ta burodi ko fulawa, da kusan rabin lita na madara. Duk mako akwai wake, da shinkafa ko garin masara. Sabulu da kyandir kuma ana ba kowane mutum 100 nasu. Albashin kurtu dala shida da sulusi biyu ne a wata.

A takarda dai rabo ne mai kyau. Kawo shi bakin soja ne aiki. Duk wanda ya taɓa loda shanu ko wake daga Arewa ya san saye daban, isowa da kaya lafiya daban. Babu jirgin ƙasa a lokacin, hanyoyi taɓo ne da damina, jiragen ruwan Ingila kuma sun tare gaɓar teku. Gishiri, wanda da shi ake adana nama, daga waje aka saba shigo da yawancinsa, sai ya yi wuya. Inda aka sami mai himma kuwa aiki yakan tafi. A hunturun 1775 zuwa 1776 Henry Knox, wanda asalinsa mai sayar da littattafai ne, ya jawo igwa 59 daga ganuwar Ticonderoga, tafiyar kusan kilomita 480 a kan ƙanƙara, ya kawo su Boston. Da Ingilishi suka wayi gari suka gan su a kan tudu, sai suka bar birnin ran 17 ga Maris, 1776.

Akwai kuma wani mai gidan burodi, haifaffen Jamus, Christopher Ludwick, wanda majalisa ta naɗa shugaban masu gasa wa runduna burodi a 1777. An nemi ya riƙa ba da laba 100 ta burodi kan kowace laba 100 ta fulawa. Shi da kansa ya ce a'a, da ruwan da ake kwaɓawa laba 135 take bayarwa, kuma haka zai riƙa kawowa. Wannan rarar ita ce masu gashin da suka riga shi ke sa wa aljihu.

Mafi munin gwaji ya zo a Valley Forge, kusan kilomita 30 daga Filadelfiya, wadda Ingilishi suka riga suka kama. Sojoji kusan 12,000 suka sauka a can ran 19 ga Disamba, 1777. Mifflin ya riga ya ajiye aiki, kujerar kwatamasta ba kowa. Trumbull ma ya tafi tun da majalisa ta sauya tsarin ofishinsa. Kwana huɗu da sauka, Washington ya rubuta wa majalisa cewa mutum 2,898 ba za su iya fita aiki ba saboda ba takalmi ba sutura, kuma in ba a yi wani abu ba, runduna za ta mutu da yunwa ko ta watse. Abin haushin shi ne yankin na da abinci. Manoma sun fi son kai kayansu Filadelfiya, inda Ingilishi ke biya da zinariya da azurfa, a kan su karɓi takardar majalisa. Kafin a tashi daga sansanin a watan Yunin 1778, mutum kusan 2,000 sun rasu, yawanci da cututtuka.

A watan Maris na 1778 Washington ya lallashi Janar Nathanael Greene, ɗaya daga cikin gwarazansa na fagen daga, ya karɓi kujerar kwatamasta. Greene bai so ba, har ya yi ƙorafin cewa tarihi bai taɓa ambaton sunan wani kwatamasta ba. Amma ya gyara hanyoyi da gadoji, ya tara kekuna, ya kafa rumbunan hatsi da ciyawa a kan hanyoyin da runduna za ta bi. Jeremiah Wadsworth ya karɓi sayen abinci. Cikin 'yan watanni soja ya fara cin abinci a kan kari. Da ruwan ciki ai ake jan na rijiya.

Kuɗin da ya zama takarda

Tunda majalisa ba ta iya sa haraji, sai ta yi ta buga kuɗi, har sama da dala miliyan 240. Farashi ya yi tashin gwauron zabi. A watan Maris na 1780 ita kanta majalisar ta amince cewa dala 40 ta takarda ce daidai da dala ɗaya ta azurfa, a kasuwa kuma abin ya fi haka lalacewa. Albashin soja na wata guda ya koma bai sayen abin kirki.

Daga nan aka koma roƙon jihohi su riƙa kawo kaya maimakon kuɗi: wannan ta kawo shanu, waccan fulawa, wata gishiri. Tsarin bai yi aiki ba, don babu mai tilasta wa jiha, kuma ko ta tara kayan, wa zai biya kuɗin dako? A hunturun 1779 zuwa 1780 a Morristown sojoji sun sha kwana da yunwa, har ta kai ana karɓar hatsi da dabbobin manoma ana ba su rasit. Greene ya ajiye aiki a 1780 bayan saɓani da majalisa, Timothy Pickering ya gaje shi.

A 1781 aka naɗa attajiri Robert Morris ya kula da baitulmali. Shi ya kawo tsarin kwangila: a yi talla, 'yan kasuwa su faɗi farashinsu, mai rahusa ya ciyar da sansani. A watan Satumba na wannan shekara, da runduna ke kan hanyar Yorktown, sojoji suka fara guna-guni, sai Morris ya ranto tsabar azurfa daga kwamandan sojan Faransa, Rochambeau, aka biya su albashin wata guda. Ran 19 ga Oktoba sojan Ingila suka miƙa wuya a Yorktown.

Rabon muƙamai

Ƙa'idar ita ce majalisa ke naɗa janar-janar, jihohi kuma su naɗa daga kanar zuwa ƙasa a rukunonin da suka tara. Washington shawara kawai yake bayarwa. Manjo janar huɗu na farko su ne Artemas Ward, Charles Lee, Philip Schuyler da Israel Putnam, kuma tun ranar da aka fitar da jerin sunayen aka fara ƙorafi.

A watan Fabrairun 1777 majalisa ta ce abu uku za ta riƙa dubawa wajen ƙarin girma: daɗewa a aiki, cancanta, da yawan sojan da jihar mutum ta bayar. Mu da muka saba jin rigimar rabon muƙami jiha-jiha, wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenmu. A wannan watan aka ɗaga mutum biyar zuwa manjo janar, dukkansu ƙannen Benedict Arnold a aiki, aka tsallake shi, da hujjar cewa jiharsa ta Connecticut ta riga ta sami kasonta. Daga baya an ba shi muƙamin, an kuma maido masa da matsayinsa, amma zuciyarsa ta riga ta ɓaci. A watan Satumban 1780 aka gano ya shirya sayar wa Ingilishi ganuwar West Point, ya tsere. Bashi da kwaɗayi na cikin abin da ya kai shi, ni ban ce tsallakewar ce kaɗai ba, sai dai idan bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kanar John Stark, wanda shi ma aka tsallake a 1777, ajiye aiki ya yi ya koma gida, sannan ya jagoranci dakarun jiharsa suka ci nasara a Bennington, majalisa ta dawo ta ba shi birgediya janar.

Baƙi ma sun kawo tasu rigimar. Wakilin Amurka a Faransa, Silas Deane, ya yi ta yi wa hafsoshin Turai alkawarin manyan muƙamai. Da aka ji ya yi wa wani Bafaranshe, du Coudray, alkawarin manjo janar da shugabancin masu igwa, sai Knox da Greene da John Sullivan suka ce za su ajiye aiki. Majalisa ta ƙirƙiro masa wani muƙami daban, kafin a je ko'ina kuma ya nutse a kogin Schuylkill. Lafayette kuwa, ɗan shekara 19, an ba shi manjo janar ran 31 ga Yuli, 1777 bayan ya ce zai yi aiki ba albashi, kuma ya zama ɗaya daga cikin amintattun Washington.

Doka da horo

Dokar soja ta farko, wadda aka zartar ran 30 ga Yuni, 1775, ta tsayar da bulala a 39, laifuffukan da ke da hukuncin kisa kuma 'yan kaɗan ne. Washington ya ce wannan ba ya tsorata kowa. A watan Satumban 1776 aka sake dokar bisa ta Ingila, da hannun John Adams, aka kai bulala 100, aka ƙara laifuffukan kisa. Daga baya Washington ya nemi a kai 500, don a sami hukunci tsakanin bulala 100 da rataya, majalisa ta ƙi. Gudu daga aiki, sata, maye, da sayar da kayan gwamnati su ne suka fi cika kotun soja. Sau da yawa akan yanke wa mutum kisa, a kai shi har gindin igiya gaban jama'a, sannan a karanta takardar afuwa. Thomas Hickey, ɗaya daga cikin masu gadin Washington, bai sami wannan afuwa ba, an rataye shi a New York ran 28 ga Yuni, 1776 kan tayar da bore.

Hafsa ba a yi masa bulala, korar wulaƙanci ake yi masa. Manjo Janar Adam Stephen an kore shi a 1777 bayan yaƙin Germantown, maye na cikin tuhumar. Charles Lee, na biyu ga Washington, kotun soja ta dakatar da shi shekara guda bayan yaƙin Monmouth na 1778.

Ni a ganina horon da ya fi amfani ba na bulala ba ne. A watan Fabrairun 1778 wani tsohon hafsan Furushiya, a ƙasar Jamus ta yau, mai suna Steuben ya iso Valley Forge, Turancinsa kaɗan ne. Ya ware mutum ɗari da 'yan kai, ya koya musu fareti da lodin bindiga da kansa, su kuma suka bazu suna koya wa saura. Ya sa aka ajiye wurin girki a gefe ɗaya na sansani, masai a ɗaya gefen, ta gangare. Ya sa ana duba kaya akai-akai, kowace bindiga a rubuce da sunan mai riƙe da ita, don a da soja in wa'adinsa ya cika da bindigar yake tafiya gida. An naɗa shi sufeto janar a watan Mayu, littafin ƙa'idojinsa kuma majalisa ta amince da shi a 1779, aka yi ta aiki da shi har zuwa yaƙin 1812. Ya taɓa rubuta wa wani abokinsa cewa sojan Turai umarni kawai yake jira, Ba'amurke kuwa sai ka gaya masa dalili. Haka nan umarnin da Washington ya bayar a 1777 na yi wa sojoji rigakafin agana ya ceci rayuka masu yawa.

Lokacin da haƙuri ya ƙare

Doka ba ta riƙe mai jin yunwa har abada. A watan Satumban 1776 an yi wa masu shiga soja har ƙarshen yaƙi alkawarin dala 20 da fili eka 100, daga baya aka buɗe zaɓin shekara uku. Takardun wasu sun ce shekara uku ko ƙarshen yaƙi. Soja ya fahimci wanda ya fara zuwa, hafsa ya ce wanda ya fi tsawo. Ran 1 ga Janairu, 1781 sojojin Pennsylvania suka yi bore ƙarƙashin sajojinsu, suka nufi inda majalisa take. Ingilishi suka aiko musu mutum biyu da tayin kuɗi, su kuma suka kama su suka miƙa, aka rataye su. An sasanta da su, aka sallami kusan rabinsu. Da sojojin New Jersey suka kwaikwaye su bayan mako uku, Washington ya tura Janar Robert Howe ya kewaye su, aka harbe jagorori biyu, kuma abokan borensu aka tilasta suka yi harbin.

Hafsoshi ma sun kusa. A 1780 an yi musu alkawarin rabin albashi har mutuwa, ba a ga alamar kuɗin ba. A watan Maris na 1783 a Newburgh wata takarda mara sa hannu ta yi ta yawo tana zuga su kada su ajiye makami sai an biya su. Ran 15 ga wata Washington ya shigo taronsu ba zato. Da zai karanta wata wasiƙa sai ya ciro tabarau, ya nemi afuwa, ya ce furfura ta kama shi, ido ma ya kusa tafiya a hidimar ƙasa. Jikin kowa ya yi sanyi, aka watse. Majalisa ta mayar da fanshon zuwa cikakken albashin shekara biyar. Kurata kuwa an sallame su da takardar albashin wata uku, da yawa suka sayar da ita a wulaƙance don kuɗin hanya. Ran 23 ga Disamba, 1783 Washington ya je gaban majalisa a Annapolis ya mayar da takardar naɗinsa, ya koma gonarsa.

Bayan yaƙi

Ran 2 ga Yuni, 1784 majalisa ta sallami kusan kowa, ta bar mutum 80 su gadi kayan yaƙi, 55 a West Point, 25 a Fort Pitt. Washegari ta amince a ɗauki 700. Tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 ya ɗauki darasin shekarun baya. Ya ba majalisa ikon haraji da ikon kafa runduna, amma ya hana ta ware wa soja kuɗin da ya wuce na shekara biyu a lokaci guda. Shugaban ƙasa farar hula ya zama babban kwamanda, shi ke naɗa hafsoshi da amincewar majalisar dattawa. A 1789 aka kafa ma'aikatar yaƙi, Knox ya zama sakatarenta, da 'yan magatakarda kaɗan.

Tsohuwar cutar ba ta warke nan take ba. A 1791 aka tura Janar Arthur St. Clair yaƙi da 'yan asalin ƙasar, waɗanda ke kare filayensu a yankin Ohio. Ɗan kwangilar abinci, William Duer, ya karkatar da kuɗin zuwa cinikin filaye. Kaya suka zo a makare kuma marasa inganci, aka rage rabon abinci, kurata suka yi ta gudu. Ran 4 ga Nuwamba mayaƙan Little Turtle da Blue Jacket suka far musu a bakin kogin Wabash, suka kashe soja sama da 600. Binciken da majalisar wakilai ta yi a 1792, wanda shi ne irinsa na farko a tarihinta, ya wanke St. Clair, ya ɗora laifin a kan ofishin kwatamasta da 'yan kwangila. Duer a gidan yarin masu bashi ya ƙare.

Wanda ya gaji St. Clair, Janar Anthony Wayne, ya ƙi gaggawa. Ya kwashe kusan shekara biyu yana horar da sojoji da littafin Steuben, yana gina ganuwa da rumbuna zango-zango, kafin ya yi nasara a Fallen Timbers ran 20 ga Agusta, 1794. Wannan nasara ce ta buɗe hanyar raba 'yan asalin yankin da yawancin ƙasarsu a yarjejeniyar Greenville ta 1795.

To, idan aka ce mini ga sabuwar runduna, tambayata ta farko ita ce wa ke riƙe da makullin sito kuma wa ke bincikarsa, sai yadda ake ƙara girma, sai ko hukunci na hawa kan janar kamar yadda yake hawa kan kurtu. Amurkawa sai da suka binne dubban mutane kafin suka daidaita waɗannan ukun. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amanar waɗanda ke kwana a daji dominmu.